OK Computer

OK Computer shi ne kundin waƙoƙi na uku na Radiohead, ƙungiyar makaɗan rok ta ƙasar Ingila. Ya fara fitowa a Jafan ranar 21 ga Mayu, 1997, sannan a Birtaniya ranar 16 ga Yuni, kana a Amurka ranar 1 ga Yuli. Waƙoƙi 12 ne a cikinsa, tsawonsa kuwa minti 53. Masu sharhi suna lissafa shi cikin salon oltanatib rok, ko da yake tun fitowarsa ake gardama a kan ko ya fi kusa da furogiresib rok na shekarun 1970.

An kafa ƙungiyar a 1985 a garin Abingdon da ke kusa da Oksfod, lokacin da Thom Yorke, Ed O'Brien, Philip Selway da 'yan'uwan nan biyu, Colin da Jonny Greenwood, suke ɗalibai a makaranta ɗaya. Waƙar "Creep" ta 1992 ce ta fara fito da sunansu, kundin The Bends na 1995 kuma ya jawo musu girmamawar masu sharhi. Ganin haka, kamfanin EMI ya sakar musu mara su yi aikin gaba yadda suka so, tare da matashin injiniyan sauti Nigel Godrich. Sun fara ɗauka a Yulin 1996 a wani ɗaki da suka gyara kusa da Didcot, daga Satumba kuma suka koma St Catherine's Court, tsohon gidan 'yar wasan fim Jane Seymour kusa da birnin Bath. Amon ɗakunan gidan da zaurukansa ya shiga cikin sautin kundin. A Janairun 1997 aka ɗauki kayan kiɗa masu tsirkiya a Abbey Road da ke Landan.

Jigon waƙoƙin shi ne kaɗaicin mutum a duniyar injuna, da gudun rayuwar zamani, da haɗarin mota da jirgi, da rashin amincewa da 'yan siyasa. "Paranoid Android" ce ta fi shahara wajen tsari. Ta haura minti shida, ta kasu sassa huɗu masu bambancin gudu da yanayi, babu kuma amshin da ake komawa gare shi kamar yadda aka saba a waƙoƙin rediyo. Duk da haka ta kai matsayi na 3 a jadawalin Birtaniya. A "Fitter Happier" muryar kwamfutar Macintosh ce take karanta baitoci ba tare da lanƙwasa ba. "Exit Music (For a Film)" an rubuta ta ne domin fim ɗin Romeo + Juliet na Baz Luhrmann na 1996, "Lucky" kuwa an ɗauke ta tun 1995 domin kundin agaji na ƙungiyar War Child. Makaɗan sun ambaci Bitches Brew na Miles Davis, da kiɗan finafinan Ennio Morricone, da aikin DJ Shadow cikin abubuwan da suka yi musu tasiri.

Kamfanin Capitol, wanda ya rarraba faifan a Amurka a lokacin, bai yi tsammanin kasuwa ba, har ya rage hasashen cinikinsa. Kundin ya hau matsayi na 1 a Birtaniya, ya tsaya a na 21 a jadawalin Billboard 200 na Amurka, ya kuma sayar da miliyoyin kwafi a duniya. A 1998 ya ci lambar Grammy ta rukunin oltanatib. A 2017 aka sake fitar da shi da sunan OKNOTOK 1997 2017, tare da waƙoƙi uku da ba a taɓa saki ba.

Saɓanin ra'ayi a kansa ya ta'allaƙa ne a kan yadda masu sauraro suke kallon salon furogiresib. Wannan salo, wanda King Crimson, Yes, Genesis da Pink Floyd suka ɗaukaka, ya ginu a kan dogayen waƙoƙi, da sauya ma'aunin kiɗa, da kundi mai jigo guda daga farko zuwa ƙarshe. Bayan ɓullar punk rok a 1976 sai aka riƙa ɗaukar sa a matsayin nuna gwaninta da girman kai, kuma daga wannan ƙyama ne oltanatib ya samo wani ɓangare na ɗabi'arsa. Saboda haka kwatanta OK Computer da The Dark Side of the Moon na 1973, wanda 'yan jarida suka yawaita yi, yabo ne a wurin wasu, zargi a wurin wasu. Masu son furogiresib suna kafa hujja da tsarin "Paranoid Android" da na'urar Mellotron da Jonny Greenwood ya kaɗa. Makaɗan da kansu sun ƙi wannan laƙabi, sun kuma musanta cewa kundin labari ɗaya yake bayarwa. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin yawancin waƙoƙin ba su kai minti biyar ba, babu kuma dogon kiɗan mutum ɗaya da ake baje ƙwarewa a cikinsa. Abin da suka ara daga magabatan shi ne ɗaukar kundi a matsayin aiki guda da ake saurare a jere.

Ba kowa ya yaba ba. Robert Christgau, mai sharhi na jaridar Village Voice ta Amurka a lokacin, ya ga kundin a bushe, ba shi da rai. Cikin magoya bayan ƙungiyar ma akwai masu fifita The Bends saboda sauƙin waƙoƙinsa, da masu fifita Kid A na 2000, inda makaɗan suka rage jita suka karkata ga sautin na'ura. Amma ƙuri'un jama'a sun fi rinjaya zuwa gare shi: masu karanta mujallar Q sun zaɓe shi kundi mafi girma a 1998, haka ma masu kallon tashar Channel 4 a 2005. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya shi cikin rajistar sautukan da ake adanawa ta shekarar 2014. A jerin kundaye 500 na mujallar Rolling Stone yana matsayi na 162 a 2003, a bugun 2020 kuma ya koma na 42.