Antarasait: Tarihin Kwal Mai Tauri

Kamar yadda maƙeranmu suka fifita gawayin ƙirya a kan na sauran itatuwa, haka shi ma kwal, watau gawayin da ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, darajarsa hawa-hawa ce. Wanda nake so in yi magana a kansa shi ne na ƙoli, wanda Turawa ke kira antarasait. Sunan daga Girkanci ya fito, ma'anarsa mai kama da gawayi. Baƙi ne wuluk, ga tauri ga sheƙi, kuma sinadarin kabon da ke cikinsa ya kai kashi 86 cikin ɗari ko fiye. Wuyar kamawa gare shi, amma in ya kama sai ya daɗe yana ci, kusan ba hayaƙi. Kada mai karatu ya zaci irin na Inugu ne. Wancan ya fi taushi da hayaƙi.

Wannan wuyar kamawa ce ta sa mutanen jihar Fensilbaniya ta Amurka suka daɗe suna raina shi. Sai a 1808 wani alƙali mai suna Jesse Fell ya hura shi bisa ragar ƙarfe, iska tana ratsowa ta ƙasa, ya kuwa ci. Daga nan aka shiga ɗumama gidaje da shi, aka zo ga narkar da ƙarfe da tuƙa jiragen ƙasa. A 1917 abin da aka haƙa ya kusa tan miliyan 100.

To, amma a ganina tarihin nan na masu haƙar ne. Har yara ƙanana aka riƙa sawa suna tsince duwatsu daga cikin kwal da hannu, wuni guda cur. A 1902 leburori fiye da 140,000 suka yi yajin aiki na wata biyar. Da hunturu ya matso, tsoro ya kama biranen gabas, Shugaba Theodore Roosevelt ya tara su da masu ma'adinan. Suka sami ƙarin kashi goma, aiki ya koma awa tara daga goma, ko da yake ba a amince da ƙungiyarsu ba. Namu na Inugu kuwa, da suka nemi hakkinsu a 1949, harsashi suka sha, mutum 21 suka mutu.

Daga baya mai da iskar gas suka ture shi. Yau Sin ce ta fi kowa haƙo shi, ana kuma amfani da shi wajen tace ruwan sha da sarrafa ƙarfe. A garin Centralia kuwa, wutar da ta kama ramukan kwal tun 1962 har yanzu tana ci a ƙarƙashin ƙasa, mutane kusan duk sun tashi.