Daga Zangon Fatake Zuwa Iyakar Sararin Samaniya

Tun kafin zuwan mota, fataken da ke bi ta Gumel da Maigatari zuwa Damagaram da Azbin da kwana suke auna nisa, da taurari kuma suke gane hanya. Gamzaki ke gaya wa madugu asuba ta gabato, manoma kuma na duban Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya, don sanin lokacin damina. Malamanmu ma ba a bar su a baya ba, sun san manzilolin wata 28. Cikinsu akwai Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari ɗan Katsina, wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1741. Sai dai a zamaninsu babu wanda ya san nisan ko tauraro guda.

Cikin 1838 ne Bessel, wani Bajamushe, ya auna nisan wani tauraro. Masana sai suka yi irin dabarar fatake, suka riƙa auna nisa da tafiya, amma tafiyar haske, wanda ke cin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Da wannan ma'auni, hasken Kaza da 'Ya'yanta yakan shekara wajen 440 kafin ya iso gare mu. Ke nan hasken da mutumin Gagarawa zai gani daren yau ya baro gida tun ba a kafa masarautar Gumel ba.

Har 1920 masana na ta gardama ko garken taurarin da ranarmu take ciki shi kaɗai ne. Edwin Hubble na Amurka ya raba gardama cikin 1924, ya nuna Andromeda wani garke ne daban. Cikin 1927 Lemaître na Beljiyam ya nuna ta hanyar lissafi cewa sararin yana buɗewa, Hubble kuma ya kawo shaida cikin 1929: gwargwadon nisan garke, gwargwadon saurin ja da bayansa. Alal misali, in aka ja ɗanyar fatar akuya mai roɗi-roɗi ta kowane gefe, kowane ɗigo zai nisanci ɗan'uwansa ba tare da ya bar wurinsa a jikin fatar ba. Bugu da ƙari, cikin 1998 aka gano buɗewar ƙara sauri take yi.

To, a nan ne mai karatu zai iya ruɗewa. An ƙiyasta shekarun sararin samaniya biliyan 13.8 ne, amma daga nan zuwa iyakar abin da za mu iya hange tafiyar haske ce ta shekara wajen biliyan 46 da rabi, wato biliyan 93 daga gefe zuwa gefe. Yaya haka? Dalili shi ne hasken yana tafe, hanyar tana miƙewa, kamar ayarin da zangon da ya baro ke ta ƙara nisa a bayansa.

Wannan buɗewa kuwa tsakanin garkuna masu nisa take, ba ta raba taurarin garkenmu, don ƙarfin jan juna ya ɗaure su. Saboda haka Kaza da 'Ya'yanta tana nan inda madugai suka san ta, manomin Sule Tankarkar kuma yana iya ci gaba da dogara da ita.