Bunƙasar Abuja da Tsadar Gidajen Zama: Waiwaye Daga 1976 Zuwa Yau



Gabatarwa

Bahaushe yana bambanta gida da masauki. Gida shi ne inda mutum ya kafa iyalinsa, inda za a neme shi ran suna da ran rasuwa. Masauki kuwa wuri ne da baƙo ke ajiye kayansa kafin ya gama abin da ya kawo shi. Na fara da wannan ne domin sana'ata nazarin harshe ce, kuma domin tambayar da nake so mu duba yau ta rataya ne a kan kalmomin nan biyu. Me ya sa Abuja, birnin da aka gina da dukiyar ƙasa baki ɗaya, ta zama masauki ga mafi yawan masu yi mata aiki? A cikinmu akwai ma'aikatan da suka riga suka ɗanɗana wannan hali, akwai kuma ɗaliban da gobe za su ɗanɗana. Amsar da aka saba bayarwa ita ce mutane sun yi yawa, gidaje sun yi kaɗan. Wannan gaskiya ne, amma ruwa ba ya tsami banza. Abin da zan yi ƙoƙarin nunawa shi ne tsadar gida a Abuja tana da tarihi, kuma ta samo asali ne daga waɗansu shawarwari da aka yanke a lokuta sanannu.

Kafuwar birnin

A watan Agusta 1975 Janar Murtala Muhammed ya naɗa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba ko Ikko, watau Legas, za ta iya ci gaba da zama babban birnin Tarayya. Kwamitin ya ga cewa Ikko ta cunkushe, ruwa ya kewaye ta, ba filin faɗaɗawa, ga ta kuma tana ɗauke da gwamnati biyu, ta Tarayya da ta jiha. A watan Fabrairu 1976 aka kafa Dokar Soja ta 6, aka yanki ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Sunan ma aro aka yi daga garin da Abu Ja, ɗaya daga cikin sarakunan Zazzau na Haɓe, ya kafa a 1828. Shi kuwa tsohon garin aka mai da shi Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau.

Ya kamata mu riƙe abu biyu daga wannan mafari. Na farko, ƙuncin muhalli yana cikin cututtukan da aka gudo wa a Ikko. Na biyu, dokar ta danƙa dukkan ƙasar yankin a hannun Gwamnatin Tarayya. Ba sarki, ba mai unguwa, ba gwamnan jiha da ke da ikon ba da fuloti. Ikon yana hannun shugaban ƙasa, ta hannun ministansa. Mutanen da aka tarar a wurin, Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da Bassa da sauransu, da farko an yi niyyar kwashe su duka zuwa wajen yankin, amma da aka ga yawan kuɗin diyya sai aka fasa a 1978, aka bar mafi yawansu a ƙauyukansu. Za mu sake gamuwa da ƙauyukan nan nan gaba.

A 1979 wani rukunin kamfanonin Amurka ya miƙa babban tsarin birnin, sa'an nan mashahurin mai zanen gine-gine na Japan, Kenzo Tange, ya tsara tsakiyarsa. An yi kirdadon mutum miliyan 1.6 nan da shekarar 2000, da sama da miliyan 3 idan an kammala. Aka fara da unguwannin Garki da Wuse da Maitama da Asokoro. Leburorin da suka gina su kuwa aka yi musu bariki a Nyanya, a bakin iyaka, da nufin na wucin gadi ne. Tun daga ranar farko ke nan, mai gini ya kwana a waje.

Waɗanda suka ƙaura da waɗanda suka zauna

Aikin ya yi ta tafiyar hawainiya, musamman bayan faɗuwar farashin mai a farkon shekarun 1980 da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Yunƙurin juyin mulki na Afrilu 1990, wanda aka kai wa Barikin Dodan hari a cikinsa, yana cikin abubuwan da suka gaggauta tashi. Ran 12 ga Disamba 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Janar Sani Abacha ta matsa wa ma'aikatu da hukumomi su biyo baya. Babban Bankin Nijeriya da kamfanin mai na ƙasa da hukumar lantarki duk sun kafa hedkwatarsu a nan, ofisoshin jakadanci ma suka riƙa tahowa. Dubban ma'aikata suka iso cikin 'yan shekaru, alhali gidajen da aka tanada ba su isa ba. Waɗansu suka kwana a ofis, waɗansu suka yi cunkuso a ɗaki ɗaya, iyali na can Ikko ko Kaduna. An faɗaɗa Kubwa, an kuma fara rukunin gidajen Gwarinpa, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

To, amma akwai waɗanda ba su motsa ba, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. Kusan dukkan manyan bankunan kasuwanci sun bar hedkwatarsu a Ikko. Haka kasuwar hannun jari, da manyan masana'antu, da kamfanonin da ke dogara ga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Gwamnati tana iya ba ma'aikacinta umurnin tashi, amma ɗan kasuwa yana bin tasha da masu saye ne. Kamfanonin da suka yi ƙarfi a Abuja su ne masu cin abinci daga gwamnati: na gine-gine irin su Julius Berger, da manyan otal-otal, da ofisoshin lauyoyi da 'yan kwangila. Unguwar masana'antu ta Idu ba ta zama abin da Bompai ta zama wa Kano ko Kakuri ta zama wa Kaduna a zamaninsu ba.

Sakamakon haka shi ne arzikin Abuja ya bunƙasa ƙwarai, amma tushensa kuɗin mai ne da ke bi ta baitulmali. Irin wannan arziki ba ya rabuwa daidai. Yana taruwa a hannun mutane kaɗan, su ne kuma ke yanke wa gida farashi. Akawu da malamin makaranta da masinja suna shiga kasuwa ɗaya da ɗan kwangila da ɗan majalisa. Komawa mulkin farar hula a 1999 ya ƙara yawan irin waɗannan masu saye. Ƙidayar 1991 ta sami ƙasa da mutum 400,000 a yankin; ta 2006 ta sami kimanin miliyan 1.4. Daga baya rikicin Arewa maso Gabas da rashin tsaro a wasu jihohi sun ƙara koro jama'a, masu hali da marasa hali.

Yadda fuloti ya zama haja

Tun da gwamnati ce kaɗai ke ba da ƙasa, takardar fuloti ita kanta ta zama haja. Wanda ke da hanya yakan samu a kan kuɗi kaɗan, ya sayar da ninkin-ba-ninkin ba tare da ya aza tubali ko ɗaya ba. Daɗin daɗawa, unguwannin da aka kai wa titi da ruwa da magudana kaɗan ne, saboda haka filin da za a iya zama a kansa ya yi ƙaranci a cikin yanki mai yalwar ƙasa. Har ila yau, da darajar naira ta riƙa faɗuwa, masu kuɗi suka mai da gini rumbun ajiya. Shi ya sa za ka ga katafaren gida a Maitama ko Asokoro a kulle shekara da shekaru, ba kowa sai maigadi. Mai shi bai gina don a zauna ba, saboda haka rashin ɗan haya bai dame shi ba.

Ma'aikaci fa? Dokar Asusun Gidaje ta 1992 ta sa ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, don a ba shi rancen gida ta Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Sai dai rancen da albashi zai iya biya bai kai kuɗin gida a cikin birni ba, ga shi kuma masu gidaje suna neman kuɗin hayar shekara guda ko biyu a dunƙule. A 2003 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta daina ba ma'aikata gida, ta mai da haƙƙin kuɗi a cikin albashi. Daga 2005, zamanin da Malam Nasir El-Rufai yake minista, aka sayar da gidajen gwamnati. Adalci ne a faɗi cewa ma'aikata da dama sun mallaki gida ta wannan hanya, kuma gwamnati ta huta da ɗawainiyar gyara. Amma rabo ne na sau ɗaya. Wanda aka ɗauka aiki bayan nan ya tarar ba kwatas, kuɗin da aka ba shi a madadi kuwa bai bi tashin haya ba. A daidai wannan lokaci aka rushe unguwannin da suka saɓa wa tsari, irin su Idu-Karmo, inda masu ƙaramin ƙarfi suka fake a gefen ƙauyukan nan na asali da na ambata.

Birnin rana da garuruwan dare

Jama'ar da aka tura waje ba su bar aiki ba. Nesa kawai suka ƙara. Suka cika Nyanya da Karu da Lugbe da Kuje da Dutsen Alhaji da Gwagwalada, suka tsallaka iyaka zuwa Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, da Madalla da Suleja a jihar Neja. Ina da wani tsohon ɗalibi da ke aiki a wata ma'aikata. Ya gaya mini yakan yi sallar asuba ne a hanya, kuma 'ya'yansa sai ran Asabar suke ganinsa da rana. Abin da ya rage a kuɗin haya yana biyan sa da kuɗin mota da lokacinsa, musamman tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023. Jirgin ƙasa na cikin birni da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka farfaɗo da shi a 2024, bai bi ta hanyar Nyanya da Mararaba ba, inda cunkoson ya fi tsanani. Jihohin maƙwabta kuwa su ke ɗaukar nauyin makaranta da asibiti da shara na mutanen da ƙarfinsu ke ƙarewa a wani wuri.

A farkon 2024 Babban Banki ya mai da waɗansu sassansa Ikko, hukumar filayen jiragen sama ma ta mai da hedkwatarta can. An yi ta muhawara a kan siyasar abin, kuma muhawarar tana da dalili. Amma kaɗan ne suka yi tambayar da ba a yi ba a 1991: ma'aikacin da aka ce ya tashi, ina zai kwana?

Kammalawa

Darasin bai tsaya ga Abuja ba. Kowace jihar da aka ƙirƙira, kowace sabuwar jami'a ko kamfani da aka kai wani gari, ƙaramar Abuja ce. Tarihin nan ya nuna abubuwa uku. A lissafa gidan ƙaramin ma'aikaci a cikin kuɗin ƙaura tun kafin a aza harsashin ofis. A kai titi da ruwa ga sababbin unguwanni kafin a raba fuloti, a kuma karɓe ko a ɗora haraji a kan wanda aka bari ba gini. Sa'an nan a haɗa kai da jihohin maƙwabta a kan sufuri, tun da jama'ar ɗaya ce. Waɗansunku ne za su rubuta takardun da za a yanke irin waɗannan shawarwari a kansu. Ina roƙon idan ranar ta zo, ku tuna da masinjan da zai kai takardar, ku tambayi inda ya kwana.