Zoben Bruno Touschek

A watan Afrilun 1945, saura 'yan makonni Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a Turai, dakarun Nazi suka fito da fursunonin gidan yarin Fuhlsbüttel da ke birnin Hamburg, suka tasa ƙeyarsu a ƙafa zuwa wani sansani kusa da Kiel. Cikin ayarin akwai wani saurayi ɗan shekara 24, ba shi da lafiya, ga kuma ƙullin littattafai yana ɗauke da shi. Ba a yi nisa ba ƙarfinsa ya ƙare, ya faɗi a bakin hanya. Wani mai gadi ya harbe shi a kai, ayari ya wuce aka bar shi kwance. Ashe harsashin shafarsa kawai ya yi. Sunan saurayin Bruno Touschek, kuma bayan shekara 15 shi ne ya kawo dabarar da ta sauya yadda masana fiziks ke binciken ƙananan ƙwayoyin da aka gina duniya da su.

An haife shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1921. Mahaifiyarsa Bayahudiya ce, don haka bayan Hitler ya haɗe ƙasar da Jamus a 1938, dokokin wariya suka raba shi da jami'a. Da taimakon babban malamin fiziks Arnold Sommerfeld ya koma Hamburg, inda ba a san asalinsa ba, yana shiga aji ba tare da rajista ba. A can ya haɗu da Rolf Widerøe, injiniya ɗan ƙasar Norway, wanda ke ƙera na'urar hanzarta ƙwayoyin ilektiron da ake kira betatiron. Widerøe yana da wani tunani tun 1943: maimakon a harba ƙwaya kan abin da ke tsaye, a harba biyu su yi karo gaba da gaba. A lokacin ba wanda ya san yadda za a yi hakan a aikace. Suna cikin aikin betatiron ɗin ne 'yan sandan Gestapo suka kama Touschek a farkon 1945.

Me ya sa karon gaba da gaba yake da muhimmanci? Masu wannan bincike suna gwara ƙwayoyi ne da ƙarfi, domin ƙarfin karon yakan rikiɗe ya zama sababbin ƙwayoyi, daga nan a gane abin da ke ɓoye. Amma idan tirela ta daki keken da aka ajiye a hanya, yawancin ƙarfinta a tura keken gaba yake tafiya. Raguna biyu kuwa da suka ja da baya suka gwara kai, duk ƙarfinsu a goshi yake tsayawa. A wajen ƙwayoyin da ke gudu dab da saurin haske, asarar ta fi haka muni. Ana auna ƙarfinsu da ma'aunin MeV, MeV 1,000 kuma shi ne GeV ɗaya. Ƙwaya biyu masu MeV 250 kowace, in suka yi karo, MeV 500 ɗin duka yana shiga aiki. Kafin a sami irin wannan ta hanyar harbin ilektiron da ke tsaye, sai an ba ƙwayar da aka harba kusan GeV 245, wato ninki dubu ke nan ba kaɗan.

Bayan yaƙi Touschek ya kammala karatu a Göttingen, ya yi digirin digirgir a Glasgow a 1949, sannan ya koma Roma a 1952 bisa gayyatar Edoardo Amaldi. Ranar 7 ga Maris 1960, a cibiyar bincike ta Frascati da ke kusa da Roma, ya gabatar da shawararsa. A lokacin wasu masana a Amurka da Tarayyar Sobiyet suna gina zobba biyu biyu don gwara ilektiron da ilektiron. Shi kuwa ya ce a gwara ilektiron da kishiyarta, fositiron. Nauyinsu ɗaya, cajinsu ne akasin juna, saboda haka maganaɗisu ɗaya zai juya wannan ta dama, waccan ta hagu, a cikin zobe guda. In kuma sun haɗu, dukansu biyu ɓacewa suke yi, su bar tsantsar makamashi wanda kowace irin ƙwaya za ta iya fitowa daga cikinsa.

Aka sa wa na'urar suna AdA, taƙaitaccen sunanta na Italiyanci mai ma'anar zoben tarawa. Shi da Carlo Bernardini da Giorgio Ghigo da Gianfranco Corazza suka gina ta cikin ƙasa da shekara. Faɗin da'irar da ƙwayoyin ke bi bai kai mita ɗaya da rabi ba. A watan Fabrairun 1961 ta fara riƙe ilektiron suna zagayawa a bututun da aka zuƙe iskar cikinsa. Hasken da suke fitarwa, ko na ƙwaya ɗaya tak, ana iya ganinsa da ido.

Matsalar ita ce Frascati ba ta iya cusa wa zoben isassun ƙwayoyi. A 1962 aka loda AdA a babbar mota aka kai ta Orsay, kusa da Paris, inda Faransawa ke da na'urar harbi mafi ƙarfi. Can kuma wata sabuwa ta ɓullo a 1963: da zarar ƙwayoyi sun yi yawa sai su riƙa zubewa da sauri. Touschek ne ya gano dalili. Ƙwayoyin da ke tafiya a dunƙule ɗaya suna bangazar juna, wata ta sami ƙarin ƙarfi, wata ta rasa, sai duka biyun su sauka daga layi. Har yau ana kiran wannan al'amari da sunansa, kuma duk mai zana irin wannan zobe sai ya yi lissafinsa. Duk da haka, zuwa 1964 an tabbatar cewa ilektiron da fositiron suna karo a cikin AdA.

Daga nan Frascati ta gina babban zobe mai suna ADONE, wanda ya fara aiki a 1969, ƙarfinsa GeV 3.0. A watan Nuwamban 1974, ƙungiyar Samuel Ting a Brookhaven da ta Burton Richter a Stanford suka ba da sanarwar gano wata sabuwar ƙwaya, J/psi, wadda ta tabbatar da samuwar nau'i na huɗu na ƙwayoyin kwak. Nauyinta GeV 3.1. Shekara biyar ADONE tana aiki, taki ɗaya tsakaninta da wannan ƙwaya. Da labari ya iso, mutanen Frascati suka tura na'urarsu sama da iyakar da aka tsara mata, cikin 'yan kwanaki suka ga abin da idonsu. Ting da Richter suka karɓi kyautar Nobel a 1976. Zoben da Richter ya yi aiki da shi, SPEAR, na ilektiron da fositiron ne, irin wanda aka fara da AdA.

Touschek ya rasu a Innsbruck a watan Mayun 1978, yana da shekara 57, bai sami Nobel ba. Bayan shekara 11 cibiyar CERN da ke kan iyakar Faransa da Suwizalan ta kunna LEP, zoben ilektiron da fositiron mai kewayen kilomita 27. A ramin nan ne aka kafa LHC, mai gwara furoton da furoton, inda aka gano ƙwayar Higgs a 2012. AdA kuwa an mayar da ita Frascati, tana nan a ajiye, ba ta cika ɗaki ɗaya ba.