A'isha al-Falatiya: jikar Sakkwatawa da ta buɗe wa mata ƙofar rediyon Sudan

A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha al-Falatiya, ita ce mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a gidan rediyon Sudan. Wannan ya faru ne a shekarar 1942, a birnin Omdurman. Iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne, amma da Larabcin Sudan ta yi suna, har ta zama ɗaya daga cikin mawaƙan da ƙasar ke tinƙaho da su. Ta rasu ranar 24 ga Fabrairun 1974.

Asalinta

An haifi A'isha a garin Kassala da ke gabashin Sudan, kusa da iyakar Eritiriya ta yanzu, a farkon ƙarni na 20. Mahaifiyarta Bahaushiya ce, mahaifinta kuma malami ne Bafulatani. Hanyar aikin Hajji ce ta kawo su Sudan, daga baya suka zauna, kamar yadda dubban mutanen ƙasar Hausa da Borno suka yi. A wancan zamani maniyyaci kan yi shekaru a hanya, yana tsayawa yana noma ko ƙodago don ya tara guzuri, wani kuma inda ya tsaya nan ya zama gida.

Lokacin ƙuruciyarta ya zo daidai da wata babbar hijira. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a yaƙin Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Bulu Nil, kusa da Sennar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, Hausawa da Fulani da Barebari suka zama ƙashin bayan aikin. Da yawansu sun zauna a ƙananan ƙauyukan ma'aikata da ke gefen gonaki, ba tare da mallakar filin da suke nomawa ba.

Mutanen Sudan sun haɗa waɗannan baƙi duka a suna ɗaya, wato Fallata, wasu kuma su ce Takari. Kalmar ba ta rabuwa da raini a bakin wasu. Daga nan laƙabin al-Falatiya ya fito, kuma da shi A'isha ta shahara har ƙarshen rayuwarta.

Daga makarantar allo zuwa gidan biki

Iyalin sun koma Omdurman, inda mahaifinta ke da makarantar allo, wadda a can ake kira halwa. A nan A'isha ta yi karatun Alƙur'ani, kuma masu tarihinta kan danganta tsabtar lafazinta da iya sarrafa numfashinta da wannan horo.

Tun tana 'yar shekara 14 ta fara waƙa a gidajen biki. Mahaifinta bai so ba, domin a ganin jama'ar lokacin ba sana'ar 'yar malam ba ce. Ya aurar da ita da fatan aure zai raba ta da waƙa, amma auren bai daɗe ba ya mutu, ta koma ga sana'arta.

A shekarun 1930 waƙar birni a Sudan ta rabu gida biyu. Akwai salon da daga baya aka sa wa suna haƙiba, wanda maza irin su Muhammad Ahmad Sarur da Karoma da Halil Farah suka yi fice a kai, mai ɗauke da baitoci masu zurfin Larabci, wanda 'yan boko da manyan gari ke girmamawa. Akwai kuma tumtum, kiɗan mata mai sauri da gajerun baitoci, wanda ya fito daga unguwannin talakawa da zuriyar bayi, ake kuma yi masa kallon waƙar marasa galihu. A'isha daga ɓangaren tumtum ta fito. A ƙarshen shekarun 1930 wani kamfanin faifai na Masar ya kai ta Alƙahira ta ɗauki waƙoƙi, faya-fayan garmaho suka shiga shagunan shayi da gidaje, sunanta ya wuce Omdurman.

Yaƙin duniya da rediyo

Yaƙin Duniya na Biyu ya taɓa Sudan kai tsaye. Sojojin Italiya sun kama Kassala, garin haihuwarta, a watan Yulin 1940, ba su fita ba sai a Janairun 1941. Rundunar tsaron Sudan ta yi yaƙi a Eritiriya da Habasha da Libiya a ƙarƙashin Ingila, kuma A'isha na cikin mawaƙan da aka riƙa kaiwa sansanoni don ƙarfafa wa sojoji gwiwa. Waƙarta Yaju Aydin, wadda addu'a ce ta Allah ya dawo da sojoji gida lafiya, ta zama waƙar iyaye mata da matan aure da ke jiran nasu.

Turawa sun buɗe rediyon Omdurman a 1940 domin yaɗa labarin yaƙin. Da A'isha ta shiga gidan a 1942, tare da 'yar'uwarta Jidawiya mai kaɗa garayar Larabawa da ake kira udu, masu sauraro sun yi na'am, amma masu ra'ayin riƙau sun yi tir. Wasu mawaƙa maza ma sun ƙaurace wa gidan rediyon don kada a haɗa su da mace. Biyu aka haɗa mata: ga ta mace, ga ta Bafallatiya. Tsangwamar ta kai har ta yi tunanin komawa Najeriya.

Ba ta tafi ba. Farin jininta ya rinjayi masu adawa, kuma a ƙarshe ta yi waƙar haɗin gwiwa da mawaƙi Ahmad Abdul Raziƙ, abin da a da ba a taɓa zato ba. Ta ɗauki waƙoƙi fiye da 150, yawancinsu a rediyon Omdurman, ciki har da Simsim al-Gadarif, mai ɗauke da sunan riɗin Gadarif, yankin da Hausawa manoma ke da yawa. Ta ci gaba da waƙa har shekarun 1960. Bayan waƙoƙin soyayya, an san ta da goyon bayan 'yancin mata da na ma'aikata da kuma neman 'yancin kan Sudan, wanda aka samu ranar 1 ga Janairun 1956.

Gadar da ta gina

A'isha ta ɗauko kiɗan mata na gidan biki ta sa shi a gaban ƙungiyar makaɗa ta zamani, ta mayar da shi abin da alƙali da ɗan kasuwa za su saurara ba tare da jin kunya ba. Ta hanyar da ta share ne mawaƙa mata irin su Muna al-Hair da Fatima al-Haj suka shiga rediyo, sannan 'yan'uwa uku na ƙungiyar al-Balabil suka biyo baya a farkon shekarun 1970.

Akwai kuma abin da ya sauƙaƙa wa kunnen Bahaushe karɓar irin wannan waƙa. Kiɗan tsakiyar Sudan an gina shi ne a kan muryoyi biyar, saɓanin na Masar da Sham, kuma wannan tsari ya yi kusa da na kiɗe-kiɗen gargajiya da yawa na ƙasar Hausa da Habasha. Shi ya sa waƙoƙin Sudan suka samu masoya a Kano da Maiduguri da Injamena.

Sai dai ɗaukakar mutum ɗaya ba ta warware matsalar jama'arta ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗauki ranar 31 ga Disambar 1897 a matsayin ma'auni, wanda hakan ya bar zuriyar waɗanda suka zo bayan Burmi cikin wahalar samun takardu. Ƙasar da ke rera waƙoƙin A'isha ita ce kuma ke tambayar danginta shaidar cewa su 'yan ƙasa ne.

Halin da ake ciki

Wannan tambaya ba ta mutu ba. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Bulu Nil tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan neman da Hausawa suka yi na a ba su masarauta tasu, batun da ke da alaƙa da mallakar ƙasa. Ya sake tashi a Oktoba a yankin Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane sun mutu, dubbai sun bar gidajensu, Hausawa kuma suka yi zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Khartoum da wasu garuruwa.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya ƙara jefa ƙauyukan Jazira da Sennar cikin ƙunci. Ginin rediyo da talabijin na Omdurman, inda aka adana tsofaffin faya-fayan mawaƙan ƙasar, ya kasance a hannun RSF tun farkon yaƙin har zuwa Maris na 2024, lokacin da sojoji suka ƙwace shi. Waƙoƙin A'isha da dama suna yawo a YouTube da wayoyin mutane, inda matasan Sudan, Larabawa da Hausawa, ke ci gaba da sauraro da sake rerawa a bukukuwa.