DAGA DOKA ZUWA HULAR GASHI

Akwai wata magana da muke yi ƙasa-ƙasa a gidan biki da wajen kitso, amma ba mu cika kawo ta fili ba, wato maganar zubewar gashi da abin da mace za ta sa ta rufe. Da yawa suna ɗauka cikon gashi baƙon abu ne da ya zo mana jiya-jiya daga Legas. Ni kuwa da na zauna da tsofaffi a ƙasarmu ta Gumel, daga cikin gari zuwa Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, sai na tarar abin ya daɗe, kamanninsa ne kawai suka sauya. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwaya baya kaɗan kafin wata ta kwance bakin zaninta ta kai wa mai shago.

KAN KAKANNINMU

Masarautar Gumel ta Mangawa ce, kuma ta daɗe tana bin Barno. A shekarar 1851 wani Bature ɗan Jamus mai suna Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa Abdulkarim, ya ratsa ta Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da ita babbar kasuwar kanwa. To kin san duk inda fatake suke saukewa nan al'adu suke cakuɗa. Ga Hausawa, ga Mangawa, ga Fulani, kowace da irin kitsonta. A da, kafin mace ta buɗe baki, kanta ya riga ya faɗi asalinta, ya kuma faɗi ko budurwa ce ko matar aure.

Kitson da tsofaffi suka fi ambata mini shi ne doka. Ana naɗe tsumma mai tsabta a yi masa tsawo, a kwantar da shi a tsakiyar kai daga goshi zuwa ƙeya, sannan makitsiya ta tattaro gashi daga dama da hagu ta lulluɓe shi har ya tashi kamar zankon zakara. Daga nan sai a kwaɓa shuni da man shanu a shafe, kai ya yi baƙi wuluk yana ɗaukar ido. Wadda gashinta bai da yawa, sai makitsiya ta ƙara kaurin tsumman ko ta sarƙa baƙin zare. Wankin kai kuwa da ganyen karkashi ake yi, mai kuma ga man shanu, ga man riɗi wanda har gobe ƙasar nan tana nomansa.

Abin lura a nan shi ne, babu wanda aka ruɗa da doka. Miji ya sani, uwar miji ta sani, kishiya ma ta sani, domin ita ma tsumman ne a kanta. Kuma a kan mace ake gina ta, daidai girman kanta, ba a wata ƙasa ake ɗinko ta ba.

JIRGI DA KAYAN KANTI

A shekarar 1930 layin dogo daga Kano ya isa Nguru, ya bi ta Gagarawa. Jirgi ya riƙa kwashe gyaɗa, yana dawowa da kayan kanti: atamfa, ɗankwali, madubi, sabulu da basilin. Tsofaffi sun ce a hankali ɗaurin ɗankwali ya ci doka da yaƙi, shuni ma aka bar shi saboda yana ɓata kaya. Aka koma kitso kwantacce irin su zane da shuku da kalaba.

A can wasu ƙasashen kuma hular gashi tana da nata tarihin. Mutanen Misira tun zamanin Fir'auna suna aske kai su sa ta. Sarkin Faransa Louis na 13 ya fara sa ta a shekarar 1624 saboda sanƙo ya kama shi da ƙuruciya, fadawa suka kwaikwaya har ta zama ado. Daga Ingila kuma muka gaji wadda lauyoyi da alƙalan manyan kotuna suke sawa, kuma ita ce asalinta da gashin doki na gaskiya ake saƙawa. Wanda mu mata muke kira gashin doki bai taɓa ganin doki ba, zaren roba ne. Wani kamfanin Japan mai suna Kaneka ya fito da zaren Kanekalon a shekarar 1957, kuma irinsa ne ake yin atach da shi.

Wanda ake ce miki na mutum ne, mai tsadar nan, yana da kyau ki san inda ya fito. Kaso mai yawa daga Indiya yake, daga wuraren bauta irin na Tirumala, inda masu ziyara suke aske kawunansu don cika alwashi, sai a tara gashin a yi gwanjonsa. Daga nan a kai shi masana'antu, musamman birnin Xuchang na ƙasar Sin, a wanke, a rina, a ɗinke, ya biyo jirgin ruwa zuwa Legas, ya zo Kano, har ya iso shagunan Gumel da kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis.

YADDA GOSHINMU YA CINYE

Tun wajen shekarun 1980 abubuwa biyu suka haɗu a kanmu. Na farko finafinan Indiya sun cika mana ido da gashi mai santsi, a littattafan soyayya ma tauraruwa ba ta cika sai gashinta ya sauka gadon baya. Sai man miƙar da gashi ya shigo, rilaksa, ana shafawa ana jin zafi ana cije baki. Bayansa atach ya biyo, ƙananan kitso masu nauyi da ake ja har ido ya ɗage. Wallahi kakanninmu ba su san wannan azabar ba. Jan da ake yi wa saiwar gashi wata da watanni shi ne yake cinye goshi da gefen kunne, idan kuma aka daɗe ana yi, wurin yakan mutu ya ƙi sake tsirowa.

Na biyu, hijabi ya yaɗu, kai ya koma abin da ba mai gani sai miji da 'yan uwa mata. Wannan sutura ce, alhamdu lillahi. Amma kuma ita ta sa mace takan ɓoye larurarta shekara da shekaru, tana kwana da ɗankwali, tana gudun zama gaban makitsiya don kada labari ya kai ɗakin kishiya. Na san wadda ko mahaifiyarta ba ta bari ta ga kanta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, bai kamata mu mayar da shi abin dariya ba.

ME ADDINI YA CE?

Tarihin nan bai cika ba sai an kawo abin da ya faru a Madina. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar cewa wata mata ta zo wa Annabi (SAW) da batun 'yarta amarya wadda ƙyanda ta zubar mata da gashi, tana neman izinin yi mata ƙari. Bai amince ba, ya kuma la'anci mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa. Ki duba fa, larura ce, kuma amarya ce, amma aka hana.

Saboda haka sadar da gashin mutum a jikin naki, malamai sun yi tsanani a kai. A kan zare da ulu akwai saɓani, Hanafawa sun sassauta, Malikawa sun fi tsanantawa. Wasu malaman zamani sun yi rangwame ga wadda gashinta ya ƙare ƙaf saboda cuta, cewa ta iya ɗora hula don rufe aibi, muddin babu yaudara. Ki kai wa malamin da kika yarda da shi halin da kike ciki, kada ki ɗauki fatawa a shagon gyaran gashi. Wanda zai aure ki kuwa a sanar da shi tun kafin a ɗaura, domin ramin ƙarya ƙurarre ne.

KAFIN KI SAYA

Fara neman dalili. Zubar gashi 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne, kowa yana yi. Mai jego takan ga gashinta yana bin mataji wata 2 zuwa 4 bayan haihuwa, kuma yawanci yakan dawo da kansa kafin yaro ya shekara. Haka ma bayan zazzaɓi mai tsanani irin taifot. Ƙarancin jini yana zubar da shi, makero yana cin kan yara, maganin kansa ma yana kwashe shi, amma galibi yakan tsiro bayan an gama. Gashi yana ƙaruwa kamar santimita 1 ne a wata, don haka sai da haƙuri. Je asibiti a auna jininki, idan abin ya ci tura a tura ki wajen likitan fata a Kano. Sau da yawa abin da kike bukata abinci ne da hutun kitso, ba hula ba.

Idan kuwa ya tabbata sai an rufe, to ga abin da zan ce miki. Ɗauki tef ɗin tela ki auna kewayen kanki, daga inda gashin goshi ya saba farawa, ki bi ta saman kunne, ki zagaya ƙeya ki dawo. Yawancin mata sukan faɗa tsakanin santimita 54 da 57. Hula mai matsewa tana sa ciwon kai tana ƙara cinye goshi, mai yawa kuma za ta zame a gaban mutane. Zaɓi mai igiyar daidaitawa a ƙeya, mai raga-raga a ciki, domin kin san zafin bazarar Gumel ba ya wasa. Zaɓi gajera mara nauyi, mai launi da yanayin gashin da Allah Ya ba ki.

Wajen sawa, kwantar da sauran gashinki da kitso sako-sako, ki fara sa 'yar hula mai laushi a ƙasa, sannan ki ɗora daga goshi zuwa baya, gefunan biyu su daidaita a gaban kunne. Ki guji gam, ki guji wadda ake ɗinkewa a jikin kitso. Ban da cutar da fata, ke mai salla ce, kina bukatar shafar kai a alwala, wankan tsarki kuma sai ruwa ya kai tushen gashi. Wadda za ki cire ki mayar ta fi miki. Kada ki kwana da ita. Ki wanke ta da ruwan sanyi ki shanya a inuwa, kuma ta roba kada ta kusanci murhu, domin zafi yana ƙanƙance ta. Ba a aron ta, makero da kwarkwata suna bin ta.

Wata kuma idan ta auna duk wannan, sai ta ga ɗankwalinta da hular saƙa sun ishe ta, kuma ba ta yi asara ba. Kakanninmu da tsumma suka yi ado, suka zauna lafiya a ɗakunansu, domin abin da suka ɗora daidai kansu yake, kuma ba su ɓoye wa kowa ba. Kayan aro ba ya rufe katara, amma gaskiya tana rufe asiri.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da mu lafiya a gidajenmu, amin.