Wa Ke Biyan Mai Duba Abincin Gwangwani? Darasi Daga Tarihin Amurka

Ka taɓa ɗaukar gwangwanin madara ko ledar biskit ka tambayi kanka wa ya duba masana'antar da ta yi shi? To, ga wata tambayar da ta fi wannan nauyi: wa ke biyan albashin mai dubawar? Amurkawa sun fi shekara 100 suna jayayya a kanta.

A farkon ƙarni na 20, kamfanonin abinci a Amurka kan zuba sinadarai irin su boraks da fomalin don kada kayansu su lalace. Harvey Wiley, babban masanin sinadarai na ma'aikatar noma, ya yi ta ƙorafi, har a 1902 majalisa ta ware masa dala 5,000 don bincike. Da kuɗin nan ya samo samari 12 'yan sa-kai, ana ciyar da su abinci mai sinadaran, ana auna lafiyarsu. Jaridu suka laƙaba musu “Rundunar Guba”.

A 1906 littafin Upton Sinclair, The Jungle, ya tona ƙazantar mayankan Cikago, hankalin jama'a ya tashi. Ran 30 ga Yuni na shekarar, Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu kan dokoki biyu, ta tsabtar abinci da magani da kuma ta duba nama.

Amma ka san inda aka fi kai ruwa rana? Wajen kuɗi. Sanata Albert Beveridge ya so kamfanonin nama su riƙa biyan kuɗin duba, don kada wata rana majalisa ta rage kasafi aiki ya tsaya. Kamfanonin suka ƙi, masu kiwon shanu ma suka ji tsoron a kansu kuɗin zai ƙare. Daga ƙarshe aka tsayar da dala miliyan 3 duk shekara daga baitulmali. Wato mai biyan haraji ne ya ɗauki nauyin.

Masana'antu sun ci gaba da yawa, ma'aikatan hukumar abinci da magunguna ta tarayya, FDA, kuwa ba su isa ba. Sai hukumar ta koma ba wa jihohi kwangila, tana biyan su don jami'ansu su duba a madadinta.

Raunin wannan tsari ya fito fili a 2008 zuwa 2009. Tunkuzar gyaɗa daga masana'antar Peanut Corporation of America a jihar Jojiya ta yaɗa ƙwayar salmonela: mutum 714 suka kamu a jihohi 46, tara suka mutu. Jami'an jiha sun sha shiga masana'antar, amma ba su gano cewa gwajin kamfanin da kansa ya nuna cutar kuma ana fitar da kayan ba. Masu binciken da kamfanin ya ɗauka da kuɗinsa kuwa, maki mai kyau suka ba shi. Ka ga dai, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 2015 aka yanke wa shugaban kamfanin, Stewart Parnell, ɗaurin shekara 28.

Wannan annoba na cikin abin da ya haifar da dokar da Shugaba Obama ya sa wa hannu a Janairun 2011, wadda ta mayar da hankali kan rigakafi da ƙarfafa hukumomin jihohi. Sai dai doka ba ta sayen kayan gwaji, ba ta horar da jami'i. Duk ranar da ka ji ana muhawarar kasafin hukumar kula da abinci, ka kasa kunne, don abin da za ka ci gobe ake magana a kai.